Shekara guda a sakandaren Jamus: tambayoyin da ɗalibai da iyaye suka fi yi

Ba karatun jami'a ake nufi a nan ba, ba kuma tafiyar neman aiki ba. Magana ce ta yaro ko yarinya mai shekara 15 zuwa 18 da zai bar ajinsu, ya zauna a gidan Jamusawa kamar wata goma ko rabin haka, ya shiga makaranta tare da 'ya'yan gari, ya dawo yana jin Jamusanci. Wasu tambayoyin na ɗalibai ne, wasu na iyaye, don haka wani wuri da yaro ake magana, wani wuri da mahaifa.

Su wa ke shirya tafiyar, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Galibi ƙungiyoyi ne da ba na neman riba ba. AFS ta fara musayar 'yan sakandare a 1947. YFU ta samo asali a 1951, lokacin da aka kai wasu matasan Jamus jihar Michigan ta Amurka su zauna a gidajen mutane, 'yan shekaru bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai shirin matasa na Rotary, akwai Experiment mai ofishi a Bonn. Dukkansu suna ƙarƙashin wata inuwa a Jamus mai suna AJA, wadda ke da ƙa'idojin da mambobinta ke bi.

Sai dai ba ofishinsu na Jamus ake rubuta wa ba. Reshen ƙasarka ne ke tantance ka, ya tura takardunka, kuma nan gizo ke saƙar, don ba kowace ƙungiya ke da reshe a ƙasashenmu ba. AFS tana da abokiyar aiki a Gana. A sauran wurare sai an bincika da kyau.

Ɗaya ƙofar ita ce makaranta. A 2008 ma'aikatar harkokin wajen Jamus ta kafa PASCH, haɗakar makarantu kimanin 2,000 a faɗin duniya da ke ba Jamusanci muhimmanci. Ɗaliban da suka yi fice a irin waɗannan makarantu kan samu gurbin kwas na mako uku ko huɗu a Jamus, ta hannun Goethe-Institut, cibiyar koyar da harshe da al'adun Jamus, ko PAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta ƙasar. Ɗan Kamaru ya fi mu kusa da wannan ƙofa, domin tun da daɗewa ake koyar da Jamusanci a sakandarorin gwamnati na ɓangaren masu Faransanci.

Kyauta ne kamar shirin YES na Amurka?

A'a. YES, shirin musayar 'yan sakandare da mutanen Arewa suka sani, gwamnatin Amurka ce ta ɗauki nauyinsa. Shekarar Jamus iyaye ne ke biya, dubban Yuro, sai fa in yaro ya samu tallafi, cikakke ko na wani kaso. Kuɗin kan tafi ne wajen tikitin jirgi, inshorar lafiya, tarukan horo da ma'aikatan da ke bibiyar yaron. Makarantar gwamnati kyauta ce. Masu gidan da za su riƙe shi kuwa, a manyan ƙungiyoyin nan, ba albashi suke karɓa ba. Don sha'awa suke yi. Wannan abu ne da ya kamata yaro ya riƙe a ransa tun daga filin jirgi: ba otal aka kama masa ba.

Duk dillalin da ya ce a tura kuɗi asusunsa na kansa, ko ya yi rantsuwa cewa biza a hannunsa take, a rabu da shi.

Yaya batun biza?

Bizar dogon zama ake nema, wadda ake kira nau'in D, ba ta yawon buɗe ido ta kwana 90 ba. Dokar zaman baƙi ta Jamus ta ware wa musayar ɗalibai sashe na 16f. Kuɗin neman Yuro 75 ne ga babba, rabin haka ga wanda bai kai 18 ba. Za a nemi wasiƙar ƙungiyar, takardar makarantar da ta karɓe shi, adireshin masu gida, inshora, da amincewar uwa da uba a rubuce. Jamus na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, haka a Yamai da Akara da Yawunde. A duba shafinsu a ga inda ake miƙa takardu, kuma a fara da wuri, samun ranar ganawa kaɗai kan ci watanni. Bayan isa, cikin mako biyu ake rajistar adireshi a ofishin gari, daga baya a je ofishin baƙi. Masu gida ne ke raka yaro.

Dole sai na iya Jamusanci kafin in tafi?

Wasu ƙungiyoyin ba sa shardantawa, amma kada ka ɗauki wannan a matsayin rangwame. Matakan harshe shida ne, daga A1 zuwa C2. Wanda ya sauka da A1 ko A2 yana iya cewa yana jin yunwa, ya tambayi hanya, ya gane an ce gobe babu darasin farko. Wanda ya sauka babu ko kalma zai ɓata wata biyu ko uku yana murmushi yana gyaɗa kai, a cikin wata goman da ya mallaka. Goethe-Institut na da cibiya a Legas, Akara da Yawunde, suna kuma yin jarrabawar matasa da ake kira Fit in Deutsch. Wanda ya yi nisa da su, DW, gidan rediyon da muke jin sashensa na Hausa tun 1963, yana da darussa kyauta a intanet daga matakin farko. Rabin awa kullum na wata shida ya wadatar ka sauka da ƙafarka.

Ɗalibin da ya dage yakan dawo da B1 ko B2. Ka zana jarrabawar kafin ka baro can, ka riƙo takardar shaida.

Ance harshen na da wuyar tsiya. Gaskiya ne?

Yana da wuya, amma Bahaushe ya shigo da guzurin da ɗan Ingila ba shi da shi. Mun saba kowane suna yana da jinsi, har ma an yi dace: rana mace ce a wajenmu, mace ce a wajensu, wata kuma namiji ne a duka biyun. Mun saba jam'i ba ya bin hanya ɗaya, wanda ya tashi da akuya da awaki, littafi da littattafai, ba zai firgita da Buch da Bücher ba. Kunnenmu na rarrabe dogon wasali da gajere, abin da ke raba Staat, wato ƙasa, da Stadt, wato birni. Wanda ya yi makarantar allo kuma ya riga ya iya furta ch na Buch da r ɗinsu na maƙogwaro, don suna kusa da haruffan Larabci da ya sani. Ko ƙirgen da ke ruɗa mutane, inda 21 ke zama "ɗaya da ashirin", haka Larabci ke yi.

Inda ake shan fama daban ne. Jinsin uku ne, der, die da das, kuma sau da yawa babu dalilin da za ka kama. Yarinya ma, Mädchen, das ce. Ba dabara sai ka haddace kowane suna tare da jinsinsa da jam'insa a lokaci guda. Sannan waɗannan ƙananan kalmomi suna sauya kama gwargwadon aikin sunan a jimla, hali huɗu. Fi'ili kan gudu ƙarshen jimla, ka yi ta jira ka ji abin da aka yi. Sai matsalar da ta zama tamu: p da f. Apfel da Pferd suna haɗa su wuri guda. Baƙaƙe kuma kan cunkushe babu wasali a tsakani, kamar Herbst, harshenmu ya yi ta son cusa "i". Maganinsa karatu da ƙarfi, minti goma kullum, wani ɗan gida na gyara maka.

Abu ɗaya da zai iya sa ka rasa bas: halb acht ba takwas da rabi ba ne, bakwai da rabi ne. Suna ƙirga rabin tafiya zuwa takwas.

Tun da suna jin Turanci, ba sai in lallaɓa da shi ba?

Wannan ne ramin da ɗalibai daga Najeriya da Gana suka fi faɗawa. 'Yan ajinka za su yi murna sun samu mai Turanci, su yi ta gwada nasu a kanka, kai kuma ka ji daɗi. Kirsimeti zai zo, Turancinsu ya gyaru, kai ba ka wuce danke ba. Ɗan Nijar mai Faransanci sau da yawa yakan riga ka, don ba shi da mafaka. Tun makon farko ka roƙi masu gida su yi maka Jamusanci a hankali, su maimaita, kada su fassara sai ta ƙure. In an amsa maka da Turanci, ka ci gaba da Jamusancinka mai karaya. Ka mayar da wayarka Jamusanci. In akwai ƙananan yara a gidan, ka manne musu: ba sa jin nauyin gyara maka, ba sa kuma gajiya da maimaici.

Jamusancin littafi shi ake yi a ko'ina?

A aji da talabijin, shi ne. A bakin kakar gida kuwa sai abin da ka ji. Bavariya da yankin Shuwabiya da Saksoni kowa da karinsa, har gaisuwa ta bambanta: Moin a arewa, Grüß Gott a kudu da Ostiriya, Grüezi a Siwizalan. Ƙaramin burodin safe Brötchen ne a wurare da yawa, Semmel a Munik, Schrippe a Berlin. Wanda aka kai Siwizalan ya fi kowa aiki, don harshen titi ya yi nisa da na rubutu. Ba kai ke zaɓar garin ba, kuma sau da yawa ƙaramin gari ne ko ƙauye. Ga mai neman harshe, ƙauyen ya fi Berlin.

Yaya makarantar take?

Jihohi 16 ne, kowace da tsarin iliminta, har ranakun hutu ba ɗaya ba. Ɗalibin musaya yawanci Gymnasium ake sa shi, makarantar da ke kai wa ga Abitur, jarrabawar shiga jami'a a aji 12 ko 13, ko kuma Gesamtschule mai haɗa kowa. Aji 10 ko 11 aka fi sa baƙo. Ana shiga wajen ƙarfe 8, darasi minti 45 ne, wani lokaci a haɗa biyu. Babu yunifom, babu taron safe, babu bulala. Tun 2000 doka ta hana ko iyaye dukan 'ya'yansu. Maki daga 1 ne zuwa 6, 1 ce ta fi, 4 an tsallake da ƙyar, 6 an faɗi warwas. A manyan azuzuwa sai a koma ƙirgen 0 zuwa 15, inda 15 ce ƙololuwa. Kowace safiya ka duba Vertretungsplan, jadawalin da ke nuna malamin da bai zo ba da darasin da aka soke. Malami ana kiransa Herr ko Frau da sunan danginsa, ana ce masa Sie, kamar yadda muke ce wa babba "ku".

Ni ba mai surutu ba ce a aji. Zai zame mini matsala?

Zai zama, 'yata, kuma gara ki ji tun yanzu. A gida yarinyar da ta yi shiru ta kwafi abin da ke allo ita ce mai tarbiyya. A can, magana a aji maki ce, a jihohi da yawa tana kai rabin sakamakon darasi. Malami na lura da wanda ya ɗaga hannu, wanda ya yi tambaya, har da wanda ya ce "ban yarda ba, ga dalilina". Musu da malami cikin ladabi ba rashin kunya ba ne a wajensu, shi ne alamar ana tare. Ba wanda ke sa ran ki yi sharhin waƙoƙin Goethe, babban marubucinsu, a watan farko. Ki fara da lissafi, Turanci ko Faransanci, wasanni da zane, inda harshe bai tare hanya sosai ba. Ki ɗaura wa kanki ɗaga hannu sau ɗaya a rana, ko da tambayar ma'anar kalma ce. Kuma in malami na miki magana, ki dubi idonsa. Sunkuyar da kai da muke yi don girmamawa, shi zai ɗauka akwai abin da kike ɓoyewa.

Me ya fi ba yaranmu wahala a gidan da aka sauke su?

Kara da kunya. Yaro ya tashi a inda baƙo ke cewa "na ƙoshi" sau biyu kafin ya sa hannu a kwano. Bajamushe in ya yi tayi aka ce a'a, ya ɗauke kwanon, ya gama, kuma a ganinsa ya mutunta ra'ayinka ne. Sai yaro ya kwana da yunwa yana cewa mutanen nan marowata ne, su kuma suna mamakin yaron da ba ya son abincinsu. Haka abin yake ga sanyi, ga ciwon kai, ga kuɗin mota da ya ƙare. Ba a karanta fuska a can. Abin da ba ka faɗa ba, ba a sani ba.

Ta ɗaya gefen, su ma za su faɗa maka kai tsaye: ka daɗe a banɗaki, ka bar fitila a kunne, ka makara minti goma. Ba tsana ba ce, haka suke wa 'ya'yansu. In aka ce abinci ƙarfe 6 da rabi, to 6 da rabi ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ake koya a mako biyu. Ana cire takalmi a ƙofa a sa silifas na cikin gida. Ƙofar ɗaki a rufe ba fushi ba ne, ƙwanƙwasawa ake yi. Shara ana rarraba ta, takarda daban, kwalba daban, robobi daban, ragowar abinci daban. Gorar lemo ta roba ba a jefarwa, akwai santi 25 a kanta in ka mayar kanti. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, bayan ƙarfe 10 na dare kuma ba a hayaniya. Maigida zai shiga kicin ya yi girki, kai ma namiji za a ba ka kwashe kwanuka da shanya. Mai yiwuwa su ce ka kira su da sunansu na yanka, abin da bakin Bahaushe ba ya iya yi wa sa'an ubansa; in ya yi maka nauyi, ka nemi izinin cewa Mama da Papa. Kare kuma a gidaje da yawa a falo yake kwana. Wanda ba zai iya ba ya rubuta a takardar neman gurbi, kada ya bari sai ya isa.

Abinci fa? Ance naman alade ya yi yawa.

Ya yi yawa, kuma ba kullum yake zuwa da sunansa ba. Ka haddace waɗannan: Schwein, Schinken, Speck, Schmalz, Mett. Wurst da Salami in ba a rubuta kaza ko saniya ba, ka ɗauka na alade ne. Gelatine da ke cikin alewar roba da wasu kayan zaƙi galibi daga alade take. Wasu kek da cakulan akwai giya a ciki. Ka bayyana wa uwar gida duk wannan tun ranar farko, da ma tun a takarda. Jamusawa sun saba da masu cewa ba sa cin nama sam, ba za su ga baƙon abu ba. Kusan kowane gari akwai kantin Turkawa ko Larabawa mai naman halal, akwai mai Döner, gasasshen naman Turkawa a cikin burodi.

Abin da ya fi damun yara ma ba aladen ba ne, abincin dare ne: burodi, cuku da yankan nama mai sanyi. Abinci mai zafi sau ɗaya ne a rana a gidaje da yawa. Yaji kuwa sai dai ka zo da abinka. Hajiya, a sa masa yaji da kuka a jaka, amma ban da kilishi, dambun nama da man shanu: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, kwastan za su ƙwace, har da tara. Ruwan famfo ana sha. Na kwalba kuma yawanci mai gas ne, sai ka nemi wanda aka rubuta still.

Zai iya riƙe sallarsa da azuminsa? Yarinya za ta iya sa hijabi?

Zai iya. Musulmi a Jamus sun haura miliyan 5, masu asali da Turkiyya ne suka fi yawa, kuma akwai masallatai a yawancin birane, ko da yake da wuya ka ji kiran salla a lasifika. Juma'a ranar karatu ce, ba lallai ya samu jam'i ba sai darasi ya ƙare da wuri. Ranar Idi jihohi da yawa na ba ɗalibi Musulmi hutun yini in an nema a rubuce kafin ranar. Lokutan salla na yawo sosai: a Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, a Yuni kuma a Hamburg sai kusan 10 na dare. An yi sa'a a shekarun nan azumi na faɗowa cikin Fabrairu yana matsowa Janairu, yinin gajere ne. Babu buta a banɗaki, gorar roba ta wadatar, a dai bar wurin a bushe.

Ɗaliba na da 'yancin sa hijabi a aji. Niƙabi ne wasu jihohi suka hana. Wasanni maza da mata tare ake yi a makarantu da yawa. A 2013 kotun tarayya da ke Leipzig ta yanke cewa ɗaliba Musulma za ta shiga darasin ninƙaya na haɗaka, amma tana iya sa kayan wanka masu rufe jiki. Wadda ba ta musabaha da maza ta ɗora hannu a ƙirji ta faɗi dalili a jimla ɗaya. Janye hannu babu bayani ne ke ɓata rai. Ɗalibi Kirista shi ma zai ga bambanci, majami'u da yawa ranar Lahadi tsofaffi ne suka fi yawa a ciki, sai ya nemi ƙungiyar matasan cocin.

Ni uwa ce. Tsorona giya da lalacewa.

Tsoronki na kan hanya, Hajiya. Doka ta yarda ɗan shekara 16 ya sayi giya mara ƙarfi, mai ƙarfi da taba sai 18, kuma 'yan ajinsa za su sha a gabansa. Saurayi ya kwana gidan budurwa da sanin iyaye ba abin magana ba ne a gidaje da yawa. Amma ƙungiyoyin na da nasu dokokin. Rotary ta shahara da hani huɗu: giya, ƙwaya, tuƙi da soyayya mai zurfi, wanda ya karya ana iya sa shi a jirgi ya koma gida. Kuma matasan can, in mutum ya ce "ba na sha" babu kame-kame, yawanci sukan ƙyale shi su miƙo masa lemo. Mai noƙe-noƙe ake matsa wa. Kin fi kowa sanin ɗanki. In a gida ma ba ya iya cewa a'a, a jinkirta tafiyar.

Yaya zan yi abokai?

A hankali. 'Yan ajin sun san juna tun suna shekara goma, za su yi maka tambayoyi mako guda, sannan kowa ya koma cikin nasa. Ba a faɗo wa mutum gida babu sanarwa, ko hira sai an sa rana. Kada ka jira gayyata, kai ka ce "zan iya binku?" Hanya mafi sauri ita ce Verein, ƙungiyoyin gari da ƙasar ke da su kimanin 600,000: ƙwallon ƙafa, ƙwallon hannu, waƙa, har 'yan kwana-kwana na sa kai suna da reshen matasa. A filin ƙwallo ba wanda ya damu da der ko das ɗinka, kuma a nan za ka ji harshen da ba ya cikin littafi. Zirga-zirga ba wuya: keke, ko tikitin wata na Deutschlandticket da aka fara a Mayun 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a 2025, mai shiga bas da jiragen yanki a duk ƙasar. Shiga babu tikiti tarar Yuro 60 ce.

Akwai wariyar launin fata?

Akwai. Wani lokaci kallo ne a bas, wani lokaci tambayar ko akwai mota a ƙasarku, wani lokaci zagi ne ƙiri-ƙiri. A 2020 wani ɗan bindiga ya kashe mutum tara masu asalin waje a Hanau. Ba a ɓoye wannan. Amma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar suna da tushe a waje, kuma yawancin ɗalibai na gama shekararsu lafiya. Tambayar jahilci a amsa ta da haƙuri, zagi da barazana kuwa ba a haɗiye su. Ka gaya wa masu gida, da malamin da ɗalibai ke kai wa kuka, wato Vertrauenslehrer, da wakilin ƙungiyarka. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti 112, ta sauraron matsalolin yara 116 111.

Wani gargaɗi da ya zama wajibi: a majalisun gida akan ji wani na yabon Hitler wai jarumi ne. Kada wannan ya fito daga bakinka ko da wasa. Gaisuwar 'yan Nazi da alamominsu da musanta kisan Yahudawa miliyan 6 laifi ne da kotu ke hukuntawa. Ajinku na iya zuwa Dachau ko Buchenwald, tsofaffin sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane suka kashe da yawa, a titi kuma za ka riƙa taka ƙananan allunan tagulla masu sunayen waɗanda aka kwashe daga gidajensu, sama da 100,000 a faɗin Turai.

Sanyi da kewar gida fa?

Duhun ya fi sanyin ciwo. Nuwamba zuwa Janairu za ka fita da duhu ka dawo da duhu, ɗokin zuwa ya wuce, harshe bai zauna ba tukuna. Nan ne kewa ke kamawa. Kaya a jera su bisa juna, babbar rigar sanyi a can za a saya, a riƙa shafa mai kamar lokacin hunturunmu. Agogonsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gaba da awa guda, don haka kiran gida ba wuya. Sauƙinsa ne ma illarsa. Iyaye, kira sau ɗaya a mako ya isa. Yaron da ke kan bidiyo da Kano kowane dare jikinsa ne kawai a Jamus.

In ba mu jitu da masu gidan ba?

Ana sauya gida, ba abin kunya ba ne. Kowane ɗalibi na da mai kula da shi daga ƙungiyar. A fara zama a yi magana, in ta ƙi a nema masa wani gida. A Rotary ma da ma gida biyu ko uku ake zagawa a shekara. In kuwa wani ya taɓa ka ta hanyar da ba ta dace ba, ba zaman sulhu, ka kira lambar gaggawa ta ƙungiyar a ranar.

Shekarar za ta shiga lissafin karatunsa a gida? Zai iya zarcewa a can?

A ɗauka ba za ta shiga ba, sai in shugaban makarantarsu ya amince a rubuce kafin tafiya. Manhajar ba ɗaya ba ce, WAEC kuma ana zana ta ne wajen Mayu da Yuni, lokacin yana can. Shi ya sa bayan SS1 ya fi dacewa, ko bayan kammala SS3 in shekarunsa ba su wuce iyaka ba. A Nijar, bayan BEPC ko bayan shekarar farko ta lise, ba shekarar Bak ba. Ya karɓo takardar shaidar halarta da sakamakonsa daga makarantar can.

Zarcewa kuwa babu. Izinin zaman na musaya ne, yana ƙarewa da ƙarewar shirin, wanda ya maƙale ya ɓata wa kansa bizar gaba, ya kuma toshe wa na bayansa. Mai son komawa ya gama sakandare a gida. Jami'o'in da ke koyarwa da Jamusanci na neman jarrabawar harshe ta TestDaF ko DSH, wasu masu takardun waje sai sun yi shekarar share fage a Studienkolleg, koyon sana'a na Ausbildung kuma yawanci B1 ake nema wajen biza. A Najeriya ana karanta Jamusanci har digiri a jami'o'in Ibadan, Ile-Ife da Nsukka.